Inda Ruwa Ya Taɓa Kwana

Kowace sana'a tana da abin da take ɗagawa a ce ga aikinta. Maƙeri zai ɗaga garma, magini ya nuna soro, likita ya nuna wanda aka shigo da shi ranga-ranga ya fita da ƙafafunsa. Mai tsara gari kuwa, idan aikinsa ya yi kyau, abin nuninsa bai wuce daren da aka kwana ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye kowa yana ɗakinsa, tabarmarsa a bushe. Babu mai zuwa yi masa godiya, domin ba a gode wa mutum a kan masifar da ba ta auku ba. Wannan ce sana'ar da na shafe shekara biyar ina koyo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma har yau ba ta da suna a Karakkai. Wasu suna kirana mai awon fili. Waɗanda suka taɓa zama a Gusau ko Abuja sun san mu da masu jan fenti, wato mutanen da ke zana alama a bangon talaka kafin katafila ta iso. Kawuna, wanda bijimansa biyu suka tafi a kan karatuna, ya taƙaita zancen da cewa, "Kai ɗan nan, in dai garin ga ne, kakanninmu sunka tsara shi tun ba a san takarda ba."

Littattafan da muka karanta a kan kare birane daga bala'i, yawancinsu a kan abu biyu suke magana: teku da girgizar ƙasa. Zamfara ba ta da ko ɗaya. Ɗalibin da ya taso tsakanin gonakin dawa da inuwar dutsen Kwatarkwashi, sai ga shi yana zana ganuwar da za ta tare igiyar ruwan gishirin da bai taɓa gani ba. Abokan karatuna sukan zolaye ni da cewa duk faɗin jiharmu, abin da ya haɗa mu da teku bai wuce sunan unguwar Tsunami da ke Gusau ba.

Amma a cikin waɗannan darussa na nesa na tsinci abin da na fi riƙewa. A ranar 12 ga Janairu 2010 ƙasa ta girgiza a Haiti da ƙarfin maki 7.0, gwamnatin ƙasar ta ce mutanen da suka mutu sun haura 200,000. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ranar 27 ga Fabrairu, aka yi wata a Chile mai ƙarfin maki 8.8. A lissafin masana, ƙarfin da ta saki ya ninka na Haiti kusan sau 500, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Zurfin girgizar da nisanta daga birni sun taka rawa, sai dai babban bambancin yana cikin rodi da siminti, da dokar gini, da jami'in da ya ƙi sa hannu a kan zanen da bai cika sharaɗi ba. Shekaru da dama kafin ƙasa ta motsa aka yanke hukuncin wanda zai fita da rai, a ranar da aka haƙa harsashi. Mu ma ƙasarmu ba ta yi rantsuwar zama shiru ba: mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji motsinta a 2016, na Mpape a Abuja suka ji a Satumbar 2018, birnin Akra na Gana kuwa ya binne mutane bayan girgizar 1939. Duk da haka a Najeriya bene ba ya jiran girgiza kafin ya rufta, algus a siminti ya ishe shi.

Teku kuma, sai da aikin bautar ƙasa ya kai ni Jihar Ondo na gan ta. Wata Asabar muka shiga jirgin ruwa zuwa Ayetoro, garin masunta a yankin Ilaje wanda wata ƙungiyar Kirista ta kafa a 1947, ta kuma yi suna da tsari da dogaro da kai. Wani dattijo ya miƙa hannu ya nuna mini wani wuri can cikin ruwa, inda igiya ke tashi tana faɗuwa, ya ce nan ne titin da ya yi wasa a kansa yana yaro. Na duba ban ga komai ba sai kumfa. Daga baya na je Legas na ga ɗaya fuskar al'amarin: inda a da ake kira Bar Beach, teku tana cin hanya tana barazana ga gine-ginen Victoria Island, an cike da yashi an kafa sabon birnin Eko Atlantic, an kuma kare shi da ganuwar duwatsu da kankare wadda aka tsara tsawonta ya haura kilomita 8. Aikin injiniya ne da ya cancanci a cire masa hula. Sai dai mazauna ƙauyukan gaɓar da ke gabas da shi, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kokawa cewa tekun da aka kora daga can, a ƙofarsu take sauke fushinta. Tun daga ranar na koyi yi wa kowace ganuwa tambaya guda: ruwan da ta tare, gidan wa ya nufa?

Da wannan tambaya na dawo gida, na tarar ashe tana jirana a bakin Kogin Sakkwato.

Kogin yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya shiga madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, kafin ya je ya haɗu da Rima. Da rani yaro zai tsallaka shi bai jiƙa gwiwa ba, masu tifa suna ɗibar yashi a tsakiyarsa. Da malka kuwa wata halitta ce daban. A ranar 30 ga Satumba 2006, bayan ruwa mai yawan gaske, madatsar Gusau ta ɓalle. Rahotannin lokacin sun ce ƙofofin sakin ruwa ne suka ƙi aiki, sun kuma ambaci mutum kimanin 40 da suka rasu da gidaje wajen 500 da suka rushe. Ina ɗan shekara bakwai a lokacin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata gwaggona da aka kawo gidanmu da zane ɗaya da tukunya ɗaya, ta yi kwanaki ba ta cewa komai, ko tulu aka tuntsurar a tsakar gida sai ta zabura. A 2010 ruwan Rima ya cinye gadar da ke kaiwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Agustan 2024 Gummi ta nutse, dubban gidaje suka shiga ruwa. Wata guda bayan haka madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri, shekara talatin cif bayan ta yi irin haka a 1994, har namun gidan zu suka fito gari, bangon kurkuku ya faɗi. A ƙarshen Mayun 2025 aka wayi gari da labarin Mokwa, inda gawarwakin da aka ƙirga suka haura 150. Babu ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa da ke bakin teku.

Idan irin wannan ta faru mukan ce daga Allah ne, kuma haka ne, babu ɗigon da ke sauka ba da izininsa ba. Amma hanyar da ɗigon zai bi bayan ya taɓa ƙasa, a hannunmu aka bar ta, kuma tana da lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Fulotin da muka saba yanka, ƙafa 50 da 100, ya kai murabba'in mita 460 da ɗoriya. Idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, wannan fuloti kaɗai ya karɓi lita 23,000, wato jarka fiye da 900. A da can, lokacin da wurin yake gona, ƙasa ce ke shanye kaso mai yawa, ciyawa da kunya su rage wa sauran gudu. Yau an rufe rabinsa da kwano, an daɓe sauran da siminti don kada a taka taɓo, an huda bango an sa bututu ya kalli lungu. Maigidan ya huta. Jarka 900 ɗin nan kuwa sun fita cikin ƙanƙanin lokaci, sun haɗu da na maƙwabci da na maƙwabcinsa, sun gangara neman wanda gidansa ya fi na kowa ƙasa, wanda kusan kullum shi ne wanda aljihunsa ya fi na kowa ƙasa. A hanya su tarar da kwalbati cike da leda da yashi. Gidan ƙasa kuma ba daga sama yake mutuwa ba: ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, tubalin ƙasa ya jiƙe ya saki, sai katanga ta durƙusa a kan masu barci.

Sama ma ta sauya hali. Duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin danshi na kusan kashi 7 cikin 100, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Akwai kuma wani abu da tarihi ya yi mana wanda ba mu cika lura da shi ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980 sun busar da rafuka da fadamu na tsawon lokaci, har aka samu zuriyar da ta tashi tana ganin busasshen kwari a matsayin fili. Da Gusau ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, buƙatar matsuguni ta tashi, sai waɗannan filaye suka shiga kasuwa.

A nan ne maganar Kawu take da nauyi. Magabatanmu sun tsara gari, kuma sun bar taswirarsu a cikin sunaye. Wanda ya ce Tudun Wada ya gaya maka inda za ka kafa gida. Wanda ya ce Birnin Ruwa ya yi maka kashedi. Sun bambanta tudu da jigawa da fadama da fako, kowanne da abin da ya dace da shi: fadama ta rake ce da shinkafa da lambu, ba a kwana a cikinta. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ke zama kududdufin unguwa, ya karɓi ruwan indararo da damina, ya shayar da dabbobi da kaka, a yi tubali a bakinsa da rani. Ba tsari ne marar aibi ba, sauro da tsargiya sun ci mutane a bakin kududdufan nan. Amma mun kawar da su ba tare da mun tanadi abin da zai karɓi aikinsu ba. A Kano an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai, mu ma a ƙananan garuruwa muna bin sahu. Abin ban sha'awa shi ne, mutanen Holan, waɗanda ambaliyar teku ta kashe musu mutum 1,836 a 1953 har suka shahara da gina ganuwa, bayan kogunansu sun tsorata su a 1993 da 1995 sai suka ɓullo da shirin bai wa kogi fili: suka ja shingaye baya, suka bar wasu filaye domin ruwa ya kwanta idan ya zo. Sun kashe kuɗi masu yawa kafin su isa inda kakar kakata ta tsaya.

Dokoki kam muna da su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamna. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumomin tsari tun daga tarayya har ƙaramar hukuma. Masu sana'armu suna da ƙungiya tun 1966, da majalisar yi musu rajista tun 1988. Kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA kuma ta lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Amma hasashen da ya ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari bai gaya wa mai gini ko fulotinsa yana ciki ba. Tsakanin wannan sanarwa da bakin harsashi akwai rata mai faɗi, kuma a cikinta dillali yake cin abinci.

Da a ce kwaɗayi ne kaɗai ke kai mutane fadama, da aikin ya zo da sauƙi. A shekarun nan wani abu ya fi kwaɗayi ƙarfi. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a ƙasar Tsafe da Bunguɗu da Maru da sauransu, mutane suka kwararo Gusau da manyan garuruwa da abin da kansu zai iya ɗauka. A gefen gari na haɗu da wani tsoho yana jera tubali a wurin da ko makaho ya taka zai san gurbin ruwa ne: ƙasar baƙa ce mai tsagewa, ga burbushin kainuwa da ta bushe. Na gaishe shi na durƙusa, na ce, "Baba, wannan wuri ruwa yana kwana a cikinsa." Bai daina aikinsa ba. Ya ce, "Na sani, yaro. Ni manomi ne, ƙasa ba ta ɓoye mani komi. Amma ruwa sau ɗaya yaka zuwa a shekara, kuma hadari yana yin sallama. Waɗanda sunka kore mu ba su sallama." Ya ce nan ne kaɗai kuɗin akuyoyinsa suka iya saye.

Babu littafin da ya tanadar mini amsar wannan. Idan na zo da jan fenti na zama na biyu a jerin waɗanda suka raba shi da gida. Idan na yi shiru na wuce, na san abin da Agusta za ta yi, kuma sanin ya zama kaya a wuyana. A ganina duk tsarin da zai ce wa mutum kada ya zauna nan, ba tare da ya nuna masa inda zai zauna da kuɗin da yake da shi ba, zalunci ne da aka sa wa hatimi. Aikin hukuma na farko shi ne ta riga dillali isa tudu: ta yanka ƙananan filaye masu araha, ta fitar da hanya da magudana tun ƙasa tana fili, ko da kwalta da lantarki za su zo daga baya. Fitar da hanya a kan takarda kafin gini kusan kyauta ne. Fitar da ita bayan an gina, sai da diyya da kuka da 'yan sanda.

Na kai takarduna wani ofishi neman aiki, aka ce babu gurbi, na koma sau uku har mai gadi ya san sunana. Abokina da muka gama tare yana Legas, yana zana rukunin gidaje a kan filin da aka ƙwato daga ruwa, albashinsa na wata ya fi abin da nake gani a rabin shekara. Wata abokiyar karatunmu ta samu tallafi ta tafi Turai karatun kare biranen gaɓar teku, takan turo mini sanarwar guraben karatu tana cewa kada in bari ilimina ya yi tsatsa. Ba na ganin laifin ko ɗayansu. Kuɗin duniya da hankalinta suna bakin teku, domin a can manyan birane da tasoshin jiragen ruwa suke, kuma haɗarin da ke kansu na gaske ne. Mahaifiyata ma ta fi son in tafi. Takan ce, "Auta, ko ba don kuɗi ba, ka yi nisa da hanyar nan," tana nufin hanyar Gusau zuwa Funtuwa da abin da ke faruwa a kanta. Ban da amsar da zan ba ta wadda ta fi tsoronta ƙarfi.

Abin da nake yi a yanzu ba shi da ofishi. Da safe ina koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta a Gusau. Da yamma nakan ɗauki waya da littafi in bi unguwannin da ke gangaren kogi ina neman shaidar ruwa. Ruwa yana barin sa hannu: layi mai duhu a jikin bulo, gishiri-gishiri a gindin katanga, leda da ta maƙale a reshen da ya fi tsayin mutum. In auna tsayin layin, in ɗauki lambar wurin da wayata, in tambayi mutanen gidan shekarar da ya kai nan. Maza sukan ce ba a taɓa yin ambaliya ba, musamman idan suna da niyyar sayarwa. Tsofaffin mata ne ma'ajiyar gaskiya, domin su ne suka kwashe ruwan da ƙwarya. Ba sa ambaton shekara da lamba, sai su ce daminar da aka haifi wane, ko shekarar da dam ya fashe, ni kuma in mayar da shi lissafi. Da daddare in zuba wuraren a kwamfuta a kan hoton tauraron ɗan'adam, sai ga tsohuwar hanyar rafi tana fitowa a ƙarƙashin rufin kwano, tana lanƙwasa ta cikin ɗakunan mutane kamar ba a taɓa gina komai a kanta ba.

Na buga taswirar unguwa ɗaya a babbar takarda na kai wa mai unguwa. Ya shimfiɗa ta a zaure, dattawa suka kewaye ta, aka ɗauki lokaci kafin kowa ya gano gidansa, daga nan kuma gardama ta kaure. Wani ya ce na rage wa fulotinsa daraja, ya kuma yi gaskiya. Liman ya ce a yi gayya a yashe kwalbatin da ke bakin masallaci kafin ruwan farko, aka yi, matasa suka fitar da yashi da leda har amalanke ya yi ta sawu. Filaye biyu da na yi wa shuɗin launi an sayar da su duk da haka, ɗaya har an kai linta.

Tsohon nan na fadama bai tashi ba. Abin da muka iya shi ne muka ɗaga masa daɓen ɗaki da ƙasar da muka ɗebo daga tudu, muka yi wa gindin bangon layi uku na bulon siminti da wani mai shago ya bayar, muka juya ƙofar ta kalli gabas inda ƙasa ta fi tsayi. Na rubuta lambar wayata a jikin ƙyauren da gawayi, jikarsa ta sake bin ta da alli don ta fito sosai. Na kuma nuna musu hanyar da za su bi zuwa makarantar firamare idan ruwa ya taɓa layi na biyu, ta bayan masaƙa, ba ta kan kwalbati ba.